Yadda Aka Gyara Kuskuren Share Ainod a Kenel ɗin Linux: Darasi Ga Masu Wayar Android

Duk wanda ya taɓa kai waya shagon caji a Gagarawa ko Gumel ya san tsarin. Mai shago zai karɓi wayar, ya manna mata 'yar takarda mai lamba, ya ba mai ita kati mai lamba iri ɗaya, sannan ya jona ta a soket. Ba ruwansa da sunan mutum, lamba yake bi. Idan an zo karɓa sai ya zare wayar, ya ɓare takardar, ya mayar da lambar cikin waɗanda babu kowa a kansu. Duk ranar da yaron shago ya yi kuskure a wannan mataki na ƙarshe, ɗaya daga cikin biyu ce za ta faru: ko a riƙa cewa wuri ya cika alhali soket na zaune babu komai, ko kuma a saki lambar da wayarta ke jone har yanzu, a wayi gari mutum biyu na riƙe da kati ɗaya.

Irin wannan aikin ne waya ke yi a cikinta duk lokacin da aka goge hoto ko bidiyo. Wannan darasi zai yi bayanin yadda abin yake, sannan ya bi diddigin wani kuskure na gaskiya da aka gano a kenel ɗin Linux a shekarar 2018, da yadda aka gyara shi da rubutun da bai kai layi goma ba.

Mene ne kenel, mene ne ainod?

Kenel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Shi ke tsakanin manhajoji irin su WhatsApp da kayan ƙarfen da ke cikin waya. Duk wayar Android, ko Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, kenel ɗin Linux ne a ƙarƙashinta. Wani ɓangare na kenel shi ake kira tsarin fayil, wato dokokin da ke tsara inda kowane fayil zai zauna a ma'adana. Guda biyu ne suka fi yawa a ma'adanar cikin wayoyin Android. Akwai ext4, wanda ya kammala a Linux 2.6.28 cikin Disamba 2008, Android kuma ta fara amfani da shi a 2010 a wayar Nexus S. Akwai kuma F2FS, wanda Jaegeuk Kim ya rubuta a kamfanin Samsung, ya shiga Linux 3.8 a Fabrairu 2013.

A waɗannan tsare-tsare, kowane fayil yana da wani ɗan kati da ake kira ainod. Tunanin ya samo asali ne tun daga babbar manhajar Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙera a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970. A katin ne ake rubuta girman fayil, mai shi, wanda aka yarda ya buɗe shi, lokacin da aka taɓa shi, da wuraren da bayanansa suke a ma'adana. Abin da ba ya cikin katin shi ne sunan fayil. Suna yana zaune ne a folda, folda kuwa jeri ce kawai ta sunaye, kowane suna da lambar ainod ɗinsa a gefe.

A ext4 girman ainod ɗaya yawanci bait 256 ne, kuma tun ranar da aka tsara ma'adana ake ƙayyade yawansu. A tsarin da Linux ke zuwa da shi, ana ware ainod ɗaya ga kowane kilobait 16, wato ma'adana mai gigabait 16 za ta samu kusan miliyan ɗaya. Idan suka ƙare, ba za a iya ƙirƙirar sabon fayil ba ko da akwai sauran fili. Wasu lambobin kuma an keɓe su. Wadda ta shafi wannan darasi ita ce lamba 2, ainod ɗin uwar folda, tushen da kowace folda ke rataye a jikinsa.

Lissafi biyu kafin a share

Kenel ba ya share ainod sai ya duba lissafi biyu. Na farko sunansa i_nlink, yana ƙirga sunaye nawa ne ke nuna wannan ainod. A kan ma'adana ake ajiye shi, a can kuma ext4 na kiransa i_links_count. Na biyu sunansa i_count, yana ƙirga masu riƙe da ainod ɗin a cikin ram a wannan lokaci, misali manhajar da ta buɗe bidiyo tana kunna shi.

Idan mutum ya danna gogewa, suna kawai ake cirewa daga folda, lissafin farko ya ragu da ɗaya. Idan manhaja ta rufe fayil, kenel na kiran wani aiki mai suna iput, lissafi na biyu ya ragu da ɗaya. Sai duka biyun sun koma sifili ake kiran mai shara, wanda a ext4 sunansa ext4_evict_inode. Shi ne zai saki wuraren da bayanan suka mamaye, ya mayar da lambar cikin waɗanda babu kowa a kansu.

Mai karatu na iya ganin wannan da idonsa. A sauke manhajar Termux daga F-Droid, a rubuta waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya:

echo "Gagarawa" > gwaji.txt
ls -li gwaji.txt
exec 3< gwaji.txt
rm gwaji.txt
ls -l /proc/$$/fd
cat <&3
exec 3<&-

Layi na biyu zai nuna lambar ainod a farkon jeri. Na uku ya buɗe fayil ɗin ya riƙe shi, na huɗu ya goge sunansa. Na biyar zai nuna cewa har yanzu ana riƙe da shi, da alamar an goge a gabansa. Na shida zai fito da kalmar Gagarawa daga fayil ɗin da babu shi a folda. Sai a layi na bakwai, da aka sake shi, kenel zai share ainod ɗin da gaske.

Marayu

Tsakanin layi na huɗu da na bakwai, wannan ainod ba shi da suna amma yana raye. Masu rubuta kenel suna kiransa maraya. To idan batir ya mutu a daidai wannan lokaci fa? Tambaya ce da ta shafi yankin da waya kan kwana a kashe saboda babu wuta, ko ta mutu a aljihu ranar Alhamis ana tsakiyar cin kasuwar Maigatari. Duk abin da ke cikin ram ya tafi, lissafi na biyu ya ɓace. A kan ma'adana kuma ga ainod mai riƙe da fili, babu sunan da zai kai ga shi.

Maganin da ext3 da ext4 suka kawo shi ne jerin marayu. Kafin a bar ainod a wannan hali, sai a rubuta lambarsa a babban shafin bayanan ma'adana, kowane maraya kuma ya nuna na bayansa kamar sarƙa. Idan an sake kunna na'ura, ext4 zai bi sarƙar ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2021, a Linux 5.15, Jan Kara na kamfanin SUSE ya ƙara wata hanya ta ajiye marayu a fayil na musamman domin aikin ya fi sauri. F2FS ma na da nasa wurin rubuta marayu.

Abin lura a nan shi ne, saboda aikin kwashe marayu, dole ext4 ya yarda ya ɗauko ainod mai lissafin suna sifili a wasu lokuta, in ba haka ba babu yadda za a share shi. Ke nan sifili ba kullum yake nufin a kore shi daga ƙofa ba.

Kuskuren 2018

A farkon 2018, wani ɗalibin bincike mai suna Wen Xu a jami'ar Georgia Tech da ke Atlanta yana gwada tsarin fayil na Linux ta wata hanya. Manhaja ce ke ɗaukar kwafin ma'adana mai lafiya, ta riƙa lalata ƙananan wurare a cikinsa, ta miƙa wa kenel, a ga wanda zai kayar da shi. Daga baya shi da abokan aikinsa suka wallafa aikin a 2019 da sunan Janus, inda suka ce sun gano kurakurai 90 a tsarin fayil guda takwas.

Ɗaya daga cikin kwafin da suka kayar da kenel yana da wani abu da bai kamata ya taɓa faruwa ba: lissafin sunayen ainod mai lamba 2, wato uwar folda, sifili ne. An ba wa wannan kuskure lambar rajista CVE-2018-1092. Ga yadda abin ke gudana daki-daki:

Na farko, kenel ya fara ɗaura ma'adanar domin a iya amfani da ita. Aikin da ke yin haka sunansa ext4_fill_super, kuma yana da matakai masu yawa a jere.

Na biyu, ya kira ext4_iget ya ɗauko masa ainod ɗin uwar folda. Ainod ɗin ya shigo ram da sifilinsa.

Na uku, ext4_fill_super ya duba ya ga uwar foldar nan ba lafiya. Ya yanke hukunci mai kyau, wato ya fasa ɗaurawa. Kafin ya fita sai ya yi abin da doka ta ce, ya kira iput ya saki abin da ya riƙe.

Na huɗu, iput ya ga babu mai riƙe da ainod ɗin, kuma lissafin sunayensa sifili ne. A dokarsa wannan fayil ne da aka goge. Sai aka kira mai shara ya je ya share shi daga ma'adana.

Na biyar, mai shara ya nufi sashen da ke lissafin filin ma'adana domin ya mayar da wuraren. Amma wannan sashe ba a riga an kafa shi ba, matakinsa yana gaba da inda aka tsaya. Kenel ya bi adireshin da babu komai a cikinsa, ya faɗi a wani aiki mai suna ext4_process_freed_data.

A koma shagon caji. Mai shago ya iso da asuba, ko teburi bai shimfiɗa ba, sai ya ga babban littafin shagon ya jiƙe. Ya ce wa yaro yau ba za a buɗe ba, ya miƙa masa littafin ya ajiye. Yaro ya duba bangon littafin bai ga sunan kowa ba, sai ya tuna dokar da aka koya masa cewa duk abin da ba shi da mai shi a sallame shi a mayar da lambarsa cikin akwati. Ya juya zai jefa lamba a akwatin da ba a fito da shi ba tukuna. Mai shago ya bi doka, yaro ma ya bi doka, amma an yi ɓarna.

Irin wannan kuskure ya fi zama a hanyar fita idan abu ya lalace. Hanyar da komai ke tafiya daidai, miliyoyin na'urori ne ke bin ta kowace rana, ko ƙaramin aibu ne da ita za a gani da wuri. Hanyar janyewa kuwa ana iya shekaru ba a taka ta ba.

Facin da aka yi

Theodore Ts'o, mai kula da ext4, shi ya rubuta gyaran a ƙarshen watan Maris 2018. Akwai wurare uku da mutum zai iya tunanin sa faci. Ana iya sa shi inda kenel ya faɗi, a ce idan adireshin babu komai a tsallake. Wannan zai hana faɗuwa a wuri ɗaya, amma mai shara zai ci gaba da ƙoƙarin share uwar folda a kan ma'adanar da dama ta lalace. Ana iya cire kiran iput daga hanyar fita, amma sai a bar ainod a rataye a ram babu mai sakinsa, an gudu daga wata matsala an faɗa wata. Wuri na uku shi ne bakin ƙofa, kuma shi aka zaɓa. A cikin ext4_iget aka ƙara wannan bincike, ga shi a taƙaice:

if (ino == EXT4_ROOT_INO && raw_inode->i_links_count == 0) {
    ret = -EFSCORRUPTED;
    goto bad_inode;
}

Ma'anarsa da Hausa: idan lambar da ake nema ta uwar folda ce, kuma lissafin sunayenta sifili ne, to ma'adanar nan ta lalace, a koma hanyar ainod mara kyau. Hujjar mai sauƙi ce. Kowane fayil na iya zama maraya, ban da uwar folda, domin ba a goge ta. Sifili a kanta shaidar lalacewa ce, ba umarnin shara ba.

Hanyar bad_inode tana kiran wani aiki mai suna iget_failed, wanda David Howells ya shigar a kenel tun 2008. Ayyuka uku yake yi a jere: ya yi wa ainod alamar mara kyau, ya buɗe makullin da ake sa wa sabon ainod domin kada masu jiransa su maƙale, sannan ya sake shi. Mai sharar ext4 kuwa idan ya ga ainod mai wannan alama, daga ram kawai yake cire shi, ba ya taɓa ma'adana. Sakamako shi ne, ɗaurawa ta gaza cikin lumana, na'ura ta ci gaba da aiki, ma'adanar kuma tana nan yadda take har a kawo manhajar gyara irin e2fsck.

Matakan gyara irin wannan kuskure

Ga matashin da ke sha'awar wannan fanni, tsarin aikin kusan ɗaya ne a kowane lokaci.

1. A maimaita kuskuren. Ana yin haka a kwamfutar gwaji da ke cikin kwamfuta, irin QEMU, domin idan kenel ya faɗi kada ya tafi da aikin mutum.
2. A karanta sawun da kenel ya bari. Idan ya faɗi yana rubuta jerin ayyukan da suka kira juna. Inda ya faɗi ba lallai ne nan laifin yake ba, sai an bi jerin baya.
3. A yi wa kowane ainod tambayoyi uku: wa ya ɗauko shi, wa zai sake shi, kuma mene ne a kafe a lokacin da za a sake shi?
4. A sa gyara a wuri mafi kusa da inda bayanin ƙarya ya shigo.
5. A gwada da kwafin da ya kayar da kenel, sannan a gudanar da tarin gwaje-gwajen xfstests domin a tabbatar ba a ɓata wani abu ba.
6. A rubuta bayanin dalili a kan facin. A wannan gyara na 2018, bayanin ya kusa fin rubutun manhajar tsawo.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wato a manta da kiran iput gaba ɗaya. A nan lissafin masu riƙe ba ya komawa sifili, fili ba ya dawowa, kuma idan aka zo sauke ma'adana kenel kan koka cewa akwai ainod da ke kan aiki har yanzu. Wannan shi ne soket ɗin da ke zaune babu waya ana cewa ya cika.

Ina ruwan mai waya?

Gyaran ya shiga Linux 4.17 da ya fito a Yuni 2018, aka kuma mayar da shi cikin tsofaffin kenel masu dogon tallafi da ake kula da su a lokacin. Daga nan ne faci ke bin doguwar hanya zuwa waya: Google, kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, kamfanin da ya haɗa wayar, sannan saƙon sabuntawa. Tun daga Android 12 da kenel 5.10, Google ta fito da tsarin kenel na bai ɗaya domin taƙaita wannan hanya. Mai son sanin nasa kenel zai iya rubuta uname -r a Termux, ko ya duba sashen bayanin waya a cikin saiti.

Wannan kuskure na musamman yana buƙatar ma'adana mai tsarin ext4 da ta lalace ko aka lalata da gangan, don haka ya fi barazana ga kwamfuta mai Linux da ake soka mata filasha daga ko'ina. Katin memori na waya yawanci FAT32 ne ko exFAT, waɗanda ba su ajiye ainod a jikinsu. FAT32 kuma ba shi da jerin marayu irin na ext4. Shi ya sa idan aka zare kati ana tsakiyar rubutu, kamar yadda kan faru a wurin masu tura fina-finai idan layi ya yi tsawo, Android kan tattara guntayen da suka rasa suna ta zuba su a wata folda mai suna LOST.DIR. Waɗannan fayiloli masu lamba a madadin suna, marayun katin ne. A kwamfuta mai ext4, takwararta ita ce lost+found.

Ga abubuwan da mai waya zai iya yi:

- Idan an goge bidiyo fili bai dawo ba, a fara duba kwandon shara. Manhajar Files by Google na riƙe abin da aka goge har kwana 30, kuma wannan ya fi zama dalili fiye da duk wani kuskuren kenel.
- Idan kwandon babu komai, a rufe manhajar da ta buɗe fayil ɗin ko a sake kunna wayar. Hakan na sauke lissafin masu riƙe zuwa sifili.
- Kafin a zare katin memori ko filasha, a danna cirewa a cikin saiti, a jira ta ce an gama.
- Kada a fara kwafe manyan fayiloli batir na gab da mutuwa.
- Kada a goge LOST.DIR idan an rasa hotuna, wani lokaci suna ciki, suna kawai suka rasa.
- Idan saƙon sabunta tsaro ya zo, a karɓa ko da zai ci data. A cikinsa ne irin waɗannan ƙananan faci ke isowa.

Wanda ke son ci gaba da karatu, rubutun kenel a buɗe yake ga kowa. Fayil ɗin fs/inode.c ne ke ɗauke da iput, fs/ext4/inode.c kuma na ɗauke da ext4_evict_inode da aikin ɗauko ainod. A nemi kalmar bad_inode a ciki, a ƙirga wurare nawa ne ke tsallakawa zuwa gare ta, sannan a tsaya a kan kowanne a duba irin lalacewar da aka sa shi ya tare.